Suna ƙirga tallafi da tirela, mu da derika muke awo

A watan Yulin 2024 ministan yaɗa labarai, Mohammed Idris, ya sanar cewa Gwamnatin Tarayya ta tura wa kowace jiha tirela 20 ta shinkafa, kowace tirela ɗauke da buhu 1,200 mai kilo 25. Har yau in ana hirar tsadar abinci a rumfunan kasuwar Mile 12 ta Legas ko a ƙofar masallaci a Agege, sai ka ji an ɗauko zancen tirelolin nan. Wani ya ce an turo an cinye. Wani ya ce ai gwamnati ta yi iya ƙoƙarinta. Abin da ke damuna shi ne ban taɓa jin wanda ya tsaya ya buga lissafin ba.

Ga lissafin. Tirela 20 buhu 24,000 ke nan, wato tan 600. Gwamnatin Legas da bakinta take cewa mutanen jihar sun haura miliyan 20. In aka raba, kowa zai tashi da giram 30, abin da bai cika tafin hannu ba. A bar zancen kowa da kowa, a raba wa mazaɓu 245 da hukumar zaɓe ta sani a Legas: kowace mazaɓa buhu 98. Mazaɓa guda a Agege ko Alimosho ko Mushin tana ɗauke da dubun dubatar mutane. Ko da ba a saci ƙwaya ɗaya ba, ko da waliyyai aka sa su yi rabon, mafi yawan mabuƙata ba za su ga ko buhun ba. Kuma tirela 20 ɗin da aka ba Legas ita aka ba Bayelsa, kamar yawan bakunan ɗaya ne.

Ra'ayina a fili yake. Wajibi ne gwamnati ta taimaki gidajen da ba sa iya cika tukunya, musamman tunda matakanta ne suka ƙara tsadar: cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, da sakin naira bayan makonni kaɗan. Amma rabon buhu na yini ɗaya, a fili ɗaya, gaban kyamara, shi ne mafi munin hanyar yin wannan taimako a gari irin Legas. Yana da tsada, yana kashe mutane, kuma wanda ya fi yunwa shi ne ya fi saurin faɗuwa daga jerin. A daina shi. A koma ga tallafi ƙarami mai zuwa a kai a kai, wanda mutum ya san ranar zuwansa, kuma yake samunsa a inda ya saba sayen abincinsa.

Kwana nawa kwalin zai kai?

A watan Satumban 2023 gwamnatin Legas ta ƙaddamar da rabon abinci ga gidaje 500,000. Kwalin kowane gida ya ƙunshi shinkafa kilo 10, garin kwaki kilo 5, wake kilo 5. In aka kwatanta da tirelolin Abuja, wannan ya fi ma'ana nesa ba kusa ba. Amma shi ma a auna shi da awon da matan gida suka sani.

A Legas ba mudu ko tiya ake yi ba, derika ce, wato babban gwangwanin tumatir ɗin nan. Buhun shinkafa mai kilo 50 yana ba da derika kusan 64. Kilo 10 ke nan derika 13 ko ƙasa da haka kaɗan. Gida mai mutum shida yana dafa derika ɗaya da rabi a girki ɗaya in ana so kowa ya ƙoshi. Girki takwas ko tara, shinkafa ta ƙare.

Masu aikin agaji a sansanonin gudun hijira suna lissafa wa mutum ɗaya kalori 2,100 a rana. Kilo 20 na shinkafa da gari da wake bai wuce kalori 70,000 da 'yan kai ba. Mutum shida suna buƙatar 12,600 kullum. Kwalin gaba ɗaya abincin kwana biyar da rabi ne, in shi kaɗai za a ci.

Kuma ba a cin shi shi kaɗai. Babu mai a ciki, babu gishiri, babu tattasai, babu albasa. Uwa uba babu wuta. Wake sai ya kwashe awa guda ko fiye a kan murhu, a shekarar da litar kananzir ta wuce naira 1,000, gas da gawayi ma suka bi sahu. Shi ya sa za ka ga matar da aka ba wake ta kai rabinsa wurin mai awo ta karɓo manja da magi. Masu rabo su ce ta ci amanar tallafi. Ba ta ci amanar kowa ba, mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Abincin kwana biyar sau ɗaya a shekara ba ya canza komai a jikin yaro mai tamowa, ba ya hana uba cire ɗansa daga makaranta. Abin da ke canza rayuwar gida shi ne sanin cewa ranar kaza ga wata abu kaza zai zo, don uwar gida ta tsara cefanenta a kai, mai shago ya yarda ya ba ta bashi a kai.

Yadda layi ke zama makabarta

Ranar 23 ga Fabrairun 2024 Hukumar Kwastam ta fara sayar da shinkafar da ta kama a ofishinta na Yaba, buhu mai kilo 25 a kan naira 10,000. A lokacin babban buhu ya kai naira 70,000 a kasuwa, wato rabinsa 35,000. An ruwaito mutum bakwai sun mutu a turmutsitsi, hukumar ta dakatar da cinikin. Wata guda bayan haka ɗalibai biyu suka rasu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi wajen rabon shinkafa. A Disambar wannan shekarar, cikin kwana huɗu, aka rasa yara 35 a Ibadan, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra, mutum 10 a Maitama ta Abuja. Waɗannan ukun na ƙarshe ba na gwamnati ba ne, masu sadaka ne suka shirya, amma tsarin iri ɗaya ne, kisan ma iri ɗaya.

Ana yawan ɗora laifin a kan rashin haƙurin talaka. Wannan zalunci ne a kan mamatan. Turmutsitsi yana da matakai, kuma kowane mataki mai shirya taron ne ke ginawa da hannunsa.

Da farko a yi shela a rediyo ko a WhatsApp ba tare da an faɗi adadin buhunan ba, ba tare da an ce wane da wane ne za su samu ba. Ma'anar wannan shela ita ce wanda ya riga shi zai samu. To mutane za su kwana a wurin. Sai a kulle ƙofa tun dare, jama'a na taruwa a bayanta awa shida, awa takwas, ba ruwa ba inuwa. Sai raɗe-raɗi ya ratsa cewa kaya sun kusa ƙarewa, ko an ga ana fitar da buhuna ta ƙofar baya. Sai a buɗe ɓangare ɗaya na ƙofar, mai faɗin mutum biyu. Na baya ba sa ganin abin da ke faruwa a gaba, turawa kawai suke. Da zarar mutum shida ko bakwai sun matsu a filin da bai wuce tabarmar salla biyu ba, ba mai iya sarrafa ƙafarsa kuma. Da yawa ba tattake su ake yi ba, a tsaye numfashinsu ke ɗaukewa saboda matsin ƙirji. Tsofaffi da mata masu goyo da yara su ne farkon tafiya, su ne kuma aka ce don su ake rabon.

A lura da abu ɗaya a lamarin Yaba. Tazarar da ke tsakanin farashin gwamnati da na kasuwa ta kai naira 25,000 a buhu, kusan albashin wata a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake 30,000. Aka ajiye wannan garaɓasa a wuri ɗaya tak a cikin birnin da ya fi kowane cunkoso a ƙasar. Duk lokacin da tazara ta yi faɗi haka, wuraren sayarwa kuma suka yi kaɗan, za a samu abu biyu: cunkoso, da 'yan sari masu ɗaukar yara haya su shiga layi.

In dole sai an raba kaya a hannu, hanyar ba ɓoyayya ba ce. Jeri yana riga abinci zuwa. Kowane suna yana da kati mai lamba, da rana, da awa. Yawan katin daidai da yawan buhu, a kuma faɗa wa kowa haka tun kafin ranar, don wanda ya zo da la'asar ya san nasa na nan. Wuri ɗaya kada ya wuce mutum 200 zuwa 300 a yini. Ƙofar shiga daban, ta fita daban, kuma ba a kulle ko ɗaya. Mata da tsofaffi layinsu daban, a fara da su. A ajiye sikeli a bainar jama'a, duk mai shakka ya ɗora buhunsa, domin farke buhu a ɗebi derika biyu a sake ɗinkewa tsohuwar sana'a ce. Ba wani abu a nan da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Abin da ya rasa kawai shi ne cincirindon da ake ɗauka hoto.

Wa ke rubuta sunaye, wa ake mantawa?

Nan ne maganar ta fi shafarmu, mu Hausawan Legas da sauran 'yan Arewa.

Kayan tallafi in sun sauka a jiha sukan bi ta ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, daga nan su gangara wurin kansila, da shugabannin jam'iyya na mazaɓa, da ƙungiyoyin raya unguwa da ake kira CDA, da shugabannin kasuwa da na addini. Kowane mataki yana da nasa mutanen da dole ya gani da ido. Kafin a iso ƙasa, an yi kashin dankali, manya a sama ƙanana a danne.

Ƙungiyar unguwa a Legas yawanci masu gidaje ne ke riƙe da ita, kuma wanda ke biyan kuɗin gadi da na gyaran kwata suka sani. Gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, kowane ɗaki da iyalinsa, sai a rubuta shi gida ɗaya, a miƙa wa mai gidan kwali ɗaya. Wanda ke kwana a shago, ko a masallaci, ko a kangon da yake gadi, ko a rumfa a Alaba Rago ko mayankar Oko-Oba, shi ba ya cikin littafin kowa.

Dubi su waye waɗannan. 'Yan dako da ke sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa a Mile 12 tun kafin asuba. 'Yan ga-ruwa. Masu gyaran takalmi. 'Yan gwangwan. 'Yan acaɓa da aka hana aiki a ƙananan hukumomi shida tun 1 ga Yunin 2022, aka ƙara huɗu a Satumba. Mata zawarawa da gwauraye a Idi-Araba da Agege masu sayar da ƙosai da awara. Iyalan da rikicin Borno da na Zamfara ya koro. Abincin da Legas ke ci a kan wuyan wasunsu yake sauka daga mota. A ƙarshen Fabrairun 2021, da dillalan abinci da na shanu suka tsayar da lodi zuwa Kudu na kusan mako guda, kowa ya ga yadda farashin tumatir da nama ya tashi a garin nan.

Akwai masu cewa, har a cikinmu, ai mu baƙi ne, rabonmu yana can jiharmu. Ban yarda ba. A can ma ba a rubuta sunan wanda ba ya nan. Ɗan cirani ya faɗi tsakanin jeri biyu ke nan: a Jigawa an ce yana Ikko, a Ikko an ce ɗan Jigawa ne. Sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama inda ya ga dama, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa. Wanda yake yankar tikiti a kasuwa kullum, yake biyan haya, yake biyan kuɗin shara, mazauni ne. Agege kuwa akwai gidajen Hausawa da kakanninsu a nan aka haife su.

Amma mu ma da namu laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Hukumar LASRRA tana yi wa duk mazaunin Legas rajista kyauta, ko daga ina ya fito, har da yara. Nawa ne cikinmu suka yi? Mutum ya shekara goma sha biyar a garin nan, ba shi da katin, ba shi da rasit ɗin haya da sunansa, lambar NIN ɗinsa tana haɗe da layin wayar da ya ɓata tuntuni, sunan da ke asusun bankinsa ya saɓa da na katinsa da harafi biyu. Ranar rabo ya zo yana cewa an nuna ƙabilanci. Wani lokaci an nuna ɗin. Wani lokaci kuwa kwamfuta ce ba ta gan shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasu za su ce a miƙa kason 'yan Arewa ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa, su suka san mutanensu. Sun sani, gaskiya ne, kuma ba za a iya rubuta jeri mai kyau a Zangon Agege ko Idi-Araba ba tare da su ba. Amma sanin mutane daban, riƙe mabuɗin sito daban. In ka ba dattijo buhu 50 alhali mabuƙata 2,000 ne a ƙofarsa, ka haɗa shi faɗa da jama'arsa, ko da ya fi kowa tsoron Allah. In kuma ba mai tsoron ba ne, ka ba shi jari. Aikin sarki da limami shi ne shaida: su taya rubuta sunaye gida-gida, ɗaki-ɗaki, a manna jerin a bangon masallaci da coci da makarantar firamare na mako guda, duk wanda ya ga sunan mai hali ko sunan mamaci ya yi magana. Sannan mata su shiga cikin masu rubutun. Namiji ba zai shiga ɗakin matar da ke takaba ya ga tukunyarta ba.

Ai da babu gara ba daɗi

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ba na raina ta. Wanda ya kwana biyu bai ɗora tukunya ba, kilo biyar na shinkafa rahama ce gare shi.

Sai dai a lissafa abin da ya biya. Ɗan dako ko mai ga-ruwa da ya tsaya layi daga asuba zuwa la'asar ya rasa cinikin yini. Ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa. In ya samu, ya ci riba kaɗan. In bai samu ba, kuma mafi yawa ba sa samu, ranar ta bar shi ƙasa da inda ta same shi. Wannan asarar ba ta fitowa a rahoton kowace ma'aikata.

A lissafa kuma abin da gwamnati ta biya: saye ta hannun ɗan kwangila, sabon buhu mai tambari, lodi, dakon mota, hayar sito, masu gadi, rumfuna da kujerun bikin ƙaddamarwa. Ga lalacewa. Legas gari ne mai laima. Hatsin da danshinsa ya wuce kashi 14 cikin ɗari, ko aka jibge shi a kan siminti ba katako a ƙasa, jingine da bango, zai yi fumfuna. Wake in ba a buhu mai hana iska shiga yake ba, ƙwari za su huda shi cikin 'yan makonni. A 2020 gwamnatin Oyo ta ce buhu 1,800 na shinkafar da aka turo mata duk ƙwari ne, Kwastam ta musanta. A Oktoban wannan shekarar jama'a suka fasa siton kayan tallafin korona a unguwar Maza-Maza ta Legas, watanni bayan kullen da aka tara kayan dominsa. Tun daga ranar, duk bayanin da hukuma za ta yi game da sito, ba mai gaskata ta.

Akwai kuma illar da ba a cika faɗa ba. A Agustan 2023 aka amince a ba kowace jiha naira biliyan 5, kashi 52 kyauta, kashi 48 bashi, aka ce su sayi shinkafa buhu 100,000 da masara buhu 40,000 kowace. Agusta tsakiyar damina ce, rumbuna sun yi ƙasa, sabon amfani bai shigo ba. Ka tura jihohi 36 kasuwa ɗaya a lokaci ɗaya da kuɗi a hannu, Dawanau da masu injin casa za su ji a jikinsu, farashi ya motsa. Wanda bai samu tallafin ba, shi zai biya wannan ƙarin a wurin mai awo. Gwamnatin da ke son tara hatsi da kaka take saye, ta fitar da bazara da damina.

Masu cewa tallafi yana koya wa mutane zaman banza kuwa, amsarsu gajeriya ce. Ba wanda zai ajiye kurarsa saboda abincin kwana biyar. Waɗanda ke layin nan ma'aikata ne da kuɗinsu ya daina isa: Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce zuwa Yunin 2024 tsadar abinci ta ƙaru da kashi 40.87 cikin ɗari a shekara guda. A shekarar fari ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar bai ce wa mutanen da suka kwararo Madina su je su nemi sana'a ba. Ya rubuta wa gwamnoninsa na Sham da sauran yankuna su turo abinci, ya sa aka ƙirga masu ci, aka riƙa dafawa ana ciyarwa kullum har Allah ya kawo ruwa.

To a ba da kuɗi mana

A Legas, inda kowane lungu akwai mai awo da mai POS, kuɗi ko takardar sayen abinci sun fi buhu. Ba sito, ba ƙwari, ba layi, kuma cinikin yana zuwa hannun ƙananan 'yan kasuwar unguwa maimakon ɗan kwangila ɗaya.

Amma mun ga yadda aka yi. A Oktoban 2023 aka ƙaddamar da shirin ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 a wata har wata uku. Ranar 8 ga Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan zargin ba da umarnin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum, bayan 'yan kwanaki aka tsayar da shirye-shiryen tallafin gaba ɗaya, har da ciyar da 'yan firamare. Laifi a ofis, horo a kan yara. Da aka dawo da biyan, sai aka ɗaure shi da NIN da asusun banki, abin da ya dace don toshe sunayen bogi, amma ya sake zubar da mutanen da na lissafa a sama.

Kuɗi yana aiki da sharaɗi biyu. Ya riƙa zuwa a ranar da aka ce, wata bayan wata. Kuma a ɗaure adadinsa da awo, a ce misali kuɗin derika kaza ta shinkafa da kaza ta wake da kwalbar mai, a sake duba farashin duk wata uku. In ba haka ba, a shekarar tsada irin 2024, 25,000 ɗin da ta sayi abin kirki a farkon shekara ba za ta sayi kashi uku cikin huɗunsa a ƙarshenta ba. In da hali kuma, asusun uwar gida ya kamata ya shiga.

Abin da Legas ta yi daidai, da inda ya tsaya

A watan Maris na 2024 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta buɗe kasuwannin Lahadi da ta kira Ounje Eko a wurare 57, ana sayar da shinkafa, wake, gari, burodi, ƙwai, tumatir da sauransu da ragin kashi 25 cikin ɗari, kuma mutum ɗaya ba ya wuce sayayyar naira 25,000. A ganina wannan ya fi duk rabon buhun da aka yi hankali. Wuraren suna da yawa. Ana dawowa kowane mako, don haka wanda bai samu yau ba bai rasa duka ba. Ragin da mutum zai samu bai wuce naira dubu shida zuwa takwas ba, wanda zai taimaki gida amma bai kai a kwana a layi ko a yi hayar 'yan daba dominsa ba. Kuma mutum da kuɗinsa ya zo, ya zaɓi abin da gidansa ke ci, ya tafi da mutuncinsa.

Rauninsa biyu. Na farko, an yi shi zango-zango, a buɗe a rufe, ba wanda zai iya gina lissafin gidansa a kai. Na biyu, sai mai kuɗi a hannu yake amfana. Wanda ke samun na yau ya ci yau ba ya tara 25,000, derika ɗaya yake saye da yamma, wani lokaci rabi. Gyaransa shi ne a bar ragin kashi 25 ga kowa, sannan gidajen da ke cikin jerin da aka tantance a sa musu wani adadi a kati duk wata, su kashe a wurin masu awo da aka yi wa rajista a cikin unguwa, ko da derika ɗaiɗai ne.

Sai ɗan cirani, wanda ɗanyen abinci ba ya yi masa amfani ko kaɗan. Ba shi da murhu, ba shi da tukunya, iyalinsa suna Arewa. Wurin mai shayi yake karyawa, wurin mai garau-garau ko mai tuwo yake cin na dare. Ka ba shi kilo 10 na shinkafa, kafin magariba ya sayar da ita ƙasa da farashi. Shi dafaffe yake buƙata. A Fabrairun 2024 gwamnan ya yi alkawarin ciyar da mutum 1,000 zuwa 1,500 kullum a kowace ƙaramar hukuma ta hannun masu sayar da abinci. Tunanin daidai ne, kuma shi ya kamata a mayar na dindindin a wuraren da leburori ke taruwa: Mile 12, Oyingbo, Oko-Oba, Ijora, Apapa. A ba mutum tikiti, ya ci a wurin matar da ya saba, a biya ta duk Juma'a ba tare da jinkiri ba. In aka riƙe mata kuɗi mako uku, jarinta ya karye, shirin ya mutu.

Haka ciyarwar makaranta. Yaro yana zuwa da ƙafarsa, rajistar aji ita ce jerin, ba kansilan da zai cusa sunan ƙaninsa. Naira 70 da aka fara da ita a 2016, ko 100 da aka ƙara daga baya, yau ko ƙwai ɗaya ba za ta saya ba. A gyara kuɗin, a kuma shigar da makarantun allo da Islamiyyu na unguwanninmu, tunda can yawancin 'ya'yan talakawanmu suke wuni.

Wani ɓangare na tsadar kuma a kan titi ake haifarsa. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. Duk shingen da direba ya tsaya ya miƙa wani abu, duk rasit ɗin haraji da aka yanka masa sau biyu a kan kaya ɗaya, duk kuɗin sauke kaya da 'yan tasha suka ƙaƙaba, duk kwandon tumatir da ya ruɓe saboda an kwana a Jebba ko an maƙale a Berger, a kan derikar matar Agege yake ƙarewa. Rage wannan ba ya buƙatar jerin sunaye, kuma kowa zai amfana. Legas da Kebbi sun taɓa gwada irin wannan haɗin kai a Disambar 2016 da shinkafar Lake Rice, buhu mai kilo 50 a kan naira 12,000. Injin casar Imota da aka buɗe a Janairun 2023, mai iya sarrafa tan 32 a awa, yana buƙatar shanshera daga Arewa kafin ya yi aikin da aka gina shi dominsa.

Kafin gwamnati ta gyara nata, akwai abin da ke hannunmu. Kowace ƙungiyar kasuwa da kowane kwamitin masallaci a Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago su ware rana su kai mutanensu rajistar LASRRA rukuni-rukuni, a taimaka wa marasa rasit ɗin haya su samu shaidar adireshi, a gyara saɓanin suna tsakanin NIN da banki tun yanzu. A tura wakilai su zauna a taron CDA, su biya kuɗin wata kamar kowa. In kuma an sake shelar tirela, shugabanninmu su je wurin shugaban ƙaramar hukuma da tambayoyi a rubuce: buhu nawa ya iso, nawa aka ware wa mazaɓar nan, wa ya rubuta jerin, kuma a wane bango aka manna shi.